Sharhi: Tarihin rayuwar Tolkien da gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu karatu

Kusan shekara hamsin ke nan da fitowar littafin da Humphrey Carpenter ya rubuta kan rayuwar J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila da ya ƙago labaran The Hobbit da The Lord of the Rings, amma har yau bakin waɗanda suka karanta shi bai zo ɗaya ba.

Littafin ya fito a 1977, shekara huɗu bayan mutuwar Tolkien, kuma da yardar iyalansa. Su ne suka buɗe wa Carpenter wasiƙun marigayin da littattafan da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. Tun daga lokacin, duk mai son yin rubutu kan Tolkien sai ya bi ta kan wannan aiki.

Finafinan Peter Jackson da suka fito tsakanin 2001 da 2003 sun ƙara jawo sababbin masu karatu, waɗanda suka fara sanin labarin zoben a talabijin ko a waya, sannan suka so su san mutumin da ya ƙirƙiro shi. Wasu sun ajiye littafin Carpenter suna yabo, wasu kuma suna ƙorafi. Ƙorafin ya cancanci a duba shi da kyau, domin ya taɓo tambayar da ta shafi kowane marubuci: me mai karatu ke da haƙƙin nema a tarihin wanda ya ba shi labari?

Rayuwa marar hayaniya

Ƙorafin da aka fi ji shi ne littafin yana yin sanyi daga tsakiya. Farkonsa kam ba mai cewa haka.

An haifi Tolkien a Bloemfontein da ke Afirka ta Kudu a ranar 3 ga Janairun 1892. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Mabel ta kai shi Ingila, mahaifinsa kuma ya mutu a can Afirka a 1896. Mabel ta shiga ɗariƙar Katolika a 1900, danginta suka janye mata tallafi, ta mutu da ciwon suga a 1904 ta bar shi yana da shekara 12.

Limamin cocin da ya riƙe shi, Fada Francis Morgan, ya hana shi ganin yarinyar da yake so, Edith Bratt, har sai ya cika shekara 21. Ya jira. Ranar da wa'adin ya cika ya rubuta mata wasiƙa, sai ya tarar an yi mata baiko da wani. Ta warware baikon, suka yi aure a Maris na 1916, bayan 'yan watanni aka tura shi fagen daga a Faransa.

Daga 1925 da ya zama farfesa a Jami'ar Oxford, labarin ya koma na aji da ɗalibai da kuɗin makarantar yara huɗu da taron malamai. Shi kansa Carpenter ya amsa cewa a zahiri babu wani abin ban mamaki da ya sake faruwa da mutumin. Mai karatun da ya zo da hoton dodanni da mayaƙa a ransa sai ya ga ashe malamin jami'a ne mai hawan keke.

A nan masu ƙorafin ba su yi wa littafin adalci ba. Wannan zaman shiru shi ne babban abin da tarihin ya zo da shi. Tolkien yana duba takardun jarrabawar 'yan sakandare don ya ƙara samun na cefane lokacin da ya ci karo da shafin da wani ɗalibi ya bari babu rubutu, ya rubuta jimlar farko ta The Hobbit a kai. Da rubutun ya kai hannun mai kamfanin ɗab'i Stanley Unwin, ɗansa Rayner mai shekara goma ya ba ya karanta, ya biya shi sule ɗaya ladan rahoto. Littafin ya fito a 1937.

The Lord of the Rings kuwa ya ci shekara 12 ana rubuta shi, daga 1937 zuwa 1949, galibi da dare bayan an gama aikin jami'a, bai kuma fito ba sai 1954 da 1955. Wanda ya karanta wannan ya ce bai ga komai ba, ya tsallake darasin da ya fi amfanar duk mai sha'awar rubutu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, kuma ga shaidar haka a rayuwar mutum guda.

Wa ke riƙe da makulli?

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Masu yin sa suna cewa tarihin da aka rubuta da izinin iyali ba zai taɓa fitar da duk abin da ke cikin tukunya ba.

Suna da hujja. Rayner Unwin, yaron nan na sule ɗaya wanda daga baya ya shugabanci kamfanin, ya ba da labarin cewa Christopher, ɗan Tolkien, ya bi daftarin farko da gyara mai tsanani, Carpenter ya koma ya sake aiki a kansa. Mai karatu bai ga daftarin farkon ba, don haka ba laifi ba ne in ya tambayi abin da aka cire.

Sai dai littafin da ya fito bai zama waƙar yabo ba. Ya nuna cewa Edith ba ta ji daɗin zama cikin matan farfesoshin Oxford ba, kuma an sha samun saɓani a gidan kan al'amuran coci, tunda saboda auren ta shiga Katolika. Ya nuna yadda abotar Tolkien da C.S. Lewis ta yi sanyi, da yadda Tolkien bai ɓoye ƙin labaran Narnia na abokin nasa ba. Ya kuma nuna mutum mai jan aiki, mai sake rubuta abu ɗaya ba iyaka, har ya mutu a 1973 bai kammala The Silmarillion ba, aikin da ya faro tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Christopher ne ya tattara shi ya fitar a 1977.

Gaskiyar magana ita ce izinin iyali ciniki ne. Marubuci yana samun takardun da ba wanda ya taɓa gani, iyali kuma suna samun damar cewa a'a. Wanda ya ƙi cinikin yana da 'yancin faɗin abin da ya ga dama, amma sau da yawa da zato zai cike gurbi. Abin da ya wajaba a kan mai karatu shi ne ya san irin littafin da ke hannunsa. Iyalan Tolkien sun nuna yadda suke tsare sunansa a 2019, lokacin da suka fito fili suka ce ba da yawunsu aka shirya fim ɗin da aka yi kan ƙuruciyarsa ba.

Farautar gizo-gizo

Akwai kuma masu karatun da ke ɗaukar tarihin a matsayin makullin buɗe labaran. Carpenter ya kawo cewa wani babban gizo-gizo ya ciji Tolkien yana jariri mai koyon tafiya a Bloemfontein. Nan da nan aka ce ai ga asalin Shelob, ƙatuwar gizo-gizon da ta tare hanyar Frodo. Tolkien kuwa ya faɗa da bakinsa cewa bai tuna cizon ba, kuma shi ba ya ƙin gizo-gizo.

Haka aka yi da zoben, wasu suka ce bam ɗin nukiliya yake nufi. Ya musanta haka, kuma a gabatarwar bugu na biyu na littafin ya tunatar da cewa ya tsara ginshiƙin labarin tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ma sha nuna cewa tonon rayuwar marubuci ba hanya ba ce ta fahimtar aikinsa, Carpenter kuma ya ambaci wannan ra'ayi tun a farkon littafinsa.

Wannan ba ya nufin rayuwar ba ta shiga labaran ba. Tolkien ya yi yaƙin Somme a 1916 a matsayin jami'in sadarwa, aka dawo da shi gida da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi. Biyu daga cikin aminansa uku na makaranta, Rob Gilson da G.B. Smith, a wannan shekara aka kashe su. Shi da kansa ya ce fadamar matattu da ke cikin labarinsa tana da alaƙa da yadda arewacin Faransa ya koma bayan yaƙin, kuma Sam, mai kula da lambun nan da ya raka Frodo, hoton ƙananan sojojin da ya zauna da su ne. A kan kabarinsa da na Edith a Oxford an rubuta sunayen Beren da Lúthien, masoyan da ya ƙago.

Bambancin a bayyane yake. Inda marubucin ya nuna alaƙa da kansa, ko takardu suka tabbatar, tarihin yana ƙara wa mai karatu haske. Inda kuwa mai karatu ne ya ɗinka alaƙar don ta yi daɗin faɗa, ya bar tarihi ya shiga tatsuniyar kansa.

Giɓin da wasu suka cike

Masu cewa Carpenter ya wuce wasu wurare da sauri su ma ba su yi ƙarya ba. 'Yan shafuka kawai ya ba yaƙin, sai a 2003 John Garth ya fitar da littafi guda a kai mai suna Tolkien and the Great War. Mabiya Katolika da dama suna ganin bai ba addinin mutumin nauyin da ya kamata ba, abin da Joseph Pearce ya mayar da hankali a kai a 1998.

Ga mai karatu ɗan Afirka akwai wata tambayar: yaya mutumin da aka haifa a ƙasar Turawan Boer yake kallon baƙar fata? Carpenter ya kawo cewa Mabel ba ta son yadda Boer ke wulaƙanta 'yan ƙasa. A jawabinsa na bankwana da jami'a a 1959, Tolkien ya bayyana ƙyamarsa ga wariyar launin fata. A 1938 da wani kamfanin ɗab'i na Jamus ya nemi ya tabbatar da asalin jininsa, ya rubuta amsa mai zafi yana yabon Yahudawa. Amma a wata wasiƙar ya siffanta miyagun halittun nan da ake kira Orc da kamannin mutanen Asiya ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Duk wasiƙun biyu suna cikin tarin da aka buga a 1981, wanda Carpenter ɗin ne ya tace tare da Christopher. Mai neman adalci sai ya riƙe dukkansu, kada ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

Darasi ga gida

Abin da ya sa ake iya wannan gardama da hujja shi ne an adana takardun. Jami'ar Marquette da ke Amurka ta sayi rubutun hannun manyan littattafan tun a 1957, saura kuma suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. In wani ya yi iƙirari, wani zai je ya duba.

Adabin Hausa ya san irin wannan tambaya. A 1936, lokacin da The Hobbit ke kan hanyar maɗaba'a, Abubakar Imam yana Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, kuma manazarta sun daɗe suna bin diddigin labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa da ya sarrafa suka zama na Hausa. An yi sa'a tarihinsa da ya fara rubutawa ya fito a 1989 ta hannun Abdurrahman Mora. Marubutan da suka biyo baya, har da na kasuwar littattafan Kano, su ma suna da daftari da wasiƙu. Ya kamata iyalansu da jami'o'i su fara tunanin inda za a ajiye su tun gara da damina ba su riga kowa ba.

Game da littafin Carpenter kuwa, hukuncin da ya dace shi ne a karanta shi a matsayin littafi na farko. Yana da sauƙin karatu, ya tsaya kan takardu, bai kuma yi alƙawarin fassara labaran ba. Wanda ya gama shi ya ji da saura, wasiƙun 1981 da littafin Garth suna nan suna jiransa.