Kada Ka Taya Gida da Rani

A Haɗejiya ban yarda mutum ya taya gida da rani ba. A watan Maris kowane gida busasshe ne, dillali kuwa la'adarsa yake hange. Bari sai Satumba, lokacin da kogi ya cika, ciyawar kachala ta toshe masa hanya. Duba gindin katanga da kyau. In ka ga sabon yaɓen siminti iya gwiwa, tambayi maƙwabta inda ruwan ambaliyar 2022 ya tsaya, su ba su da riba a cinikin. Sannan ka rage kuɗin ciko da magudana daga tayinka, ko da mai gida zai ce albarka. Kafin alƙalami kuwa, kada ka bayar sai a gaban mai unguwa da shaidu.