A fim ana buɗe tsohon dosiye, namu kuwa doka ta rufe shi



Masu kallon tele da masu tura fim a waya sun san shirin nan na Amurka mai suna Cold Case, wanda anka yi daga 2003 zuwa 2010. Kowane kashi salonsa guda ne. Wata ƴar sanda a birnin Filadalfiya, Lilly Rush, ta sauko da kwalin takardun wani kisa da ya shekara talatin ko arba'in ba a gano mai shi ba, ta bi tsofaffin shaidu gida gida, wani tsoho ya gaji da ɓoyo ya buɗe baki, kafin awa guda ta cika an kama mutum. A fada, kafin a zuba shayi na uku, an gama shari'a. Muna jin daɗin kallon, ba mu musu. Amma mu a Nijar muna da namu kwalin, kuma abin da ya hana a buɗe shi ba rashin shaida ba ne.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999 anka harbe shugaban ƙasa Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama na Yamai, da rana tsaka, a gaban mutane, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu. Askarawan da ke tsaron lafiyarsa ne sunka buɗe wuta. Firaminista na lokacin, Ibrahim Hasan Mayaki, ya fito ya ce wa ƴan ƙasa wai mummunan haɗari ne. Haɗari fa! Kwana biyu bayan haka shugaban rundunar tsaron fadar, Dauda Malam Wanke, ya hau mulki. Kafin shekarar ta ƙare an saka ahuwa cikin sabon kundin tsarin mulki ga waɗanda sunka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999. Wato da alƙalami guda anka yafe wa Bare kifar da Mahamane Usman, anka kuma yafe wa masu kashe Bare.

Mun san hujjar masu kare wannan ahuwa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa da ita soja sunka yarda sunka koma bariki, anka yi zaɓe, Tanja Mamadu ya karɓi mulki a Disambar 1999 ba tare da ƙasa ta kama wuta ba. To, mun ji. Amma ahuwa daban, hana sani daban. Ko a gaban hakimi, in za a yi sulhun jini, sai an fara faɗin wanda ya yi, da yadda ya yi, sannan a roƙi dangin mamaci. A nan an ce a yafe tun ba a faɗi wa za a yafe wa ba. Iyalin Bare sai da sunka je har kotun CEDEAO, wadda a Oktoban 2015 ta ce an tauye musu haƙƙinsu na samun shari'a, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su miliyan 435 na sefa. Kuɗi dai an yanke. Wanda ya ba da umarnin harbin, ba wata kotu da ta zauna ta kira sunansa.

Abin da ya fi damunmu shi ne lokaci. A fim shaida ba ya mutuwa sai ya yi magana, don marubuci na riƙe da ransa. Wanke ya rasu tun 2004. Sauran da ke filin jirgin ran nan duk sun manyanta, kuma yaron da anka haifa a waccan shekarar yau magidanci ne, abin da ya sani jita-jitar fada ce kawai.

Kuma kar mu ɗauka wannan ciwon manyan Yamai ne su kaɗai. A Bangi, nan cikin Madawa, rikicin manoma da makiyaya na Nuwamban 2016 ya ci rayuka 18. Ku tambayi matasa uku yadda abin ya faro, ku ji ko bakinsu zai zo ɗaya.

Shi ya sa muke kira ga gidajen rediyonmu na karkara da matasan da ke haɗa fina-finan Hausa a jahar Tawa: ku ɗauki waya ku je wajen tsofaffin soja, tsofaffin ƴan jarida da dattawan gari, ku naɗi muryarsu da yardarsu, ku rubuta rana da wuri, ku adana. Ahuwar 1999 alƙali ta ɗaure wa hannu, ba ta hana dattijo ba da labarin abin da idonsa ya gani ba.