Kowa Da Mudunsa, Ciniki Ba Ya Yiwuwa

Malamai da fatake, ina jan hankalinku ga wata ɓarna da ta yawaita a shafukan intanet, watau kowane magini ya ƙaga nasa fasali, ya bar wanda jama'a suka saba da shi.

Ku duba rubutunmu na allo. Ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf guda ɗaya a sama. In wani ya sāke musu wuri don ƙawa, ko gardi sai ya yi tuntuɓe. To, shafi ma yana da ƙa'ida. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da sharuɗɗan WCAG a 1999 saboda naƙasassu, ta kuma sabunta su a 2008 da 2018 da 2023.

Ga dalilin ƙa'idar. Makaho yana amfani da waya ta hanyar TalkBack ko VoiceOver, masu karanta masa abin da ke kan fuskarta. Su kuwa ba su ganin ado, sunan da magini ya ba kowane abu suke faɗa. In ya zana hoto ya mai da shi maɓallin biya, bai sa masa suna ba, makaho ba shi da hanyar sanin inda zai taɓa, tilas ya ba wani lambarsa ta sirri. Haka kuma farashi ko Ajamin da aka liƙa a matsayin hoto: ba ya karantuwa ga makaho, ba ya nemuwa ga mai bincike, alhali tun 2016 Unicode ta shigar da fa da ƙaf da nun irin namu.

Abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba kuma ba ya ƙarko. Kamfanin Adobe ya janye daga Flash a ƙarshen 2020, shafukan da suka dogara gare shi suka daina buɗewa.

Wani zai ce ƙa'ida tana hana ƙawa. Ba haka ba ne. Baduku yana yi wa gafaka ado yadda ya so, amma ba ya ɗinke bakinta.

Saboda haka, ya kai attajiri mai biyan kuɗi a gina maka shafi, kafin ka karɓi aiki ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka gwada sayen kayanka da kanka. In ka kasa, ka mayar wa magini ya gyara, gama kowane mai saye da ya juya, asararka ce.

Allah ya sa mu dace. Wasalam.