Buhu mai riɓi uku: binciken da ya shiga kasuwar wake

Duk wanda ya san kasuwanninmu na jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san halin wake. Da kaka tiya ta faɗi, manomi ya saida da gaggawa; in bazara ta yi nisa, waken nan dai ya dawo da tsada, amma a hannun ɗan kasuwa. Ba talauci kaɗai ke kora manomi kasuwa ba. Akwai ƙwaron wake, wanda ke biyo shi tun daga gona, cikin ƴan watanni ya huda shi ya maida shi gari.

Maganin da aka samo ba wata babbar na'ura ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1980, masanin ƙwari Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka, da abokan aikinsa na arewacin Kamaru, suka gwada ajiye wake cikin leda riɓi-riɓi. In an ɗaure baki tam, ƙwarin su shanye ƴar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Dabarar ta yi aiki, amma ta daɗe ba ta yaɗu ba, don kuwa ba mai saida leda mai kaurin da ake bukata.

Sai a 2007, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka kafa shirin PICS. Nan ne, a ganinmu, masu binciken suka yi abin yabo: sun fita daga ofis sun shiga harkar ƴan kasuwa. Aka tsaida fasalin buhun, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Aka nemo masu ƙerawa, ciki har da kamfanin Lela Agro na Kano, aka nemo dillalai. A ƙauyuka aka riƙa ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni a kwance shi gabansu, kowa ya sa hannu ya duba. A nan Nijar, Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN ta Maraɗi na cikin waɗanda suka ja ragamar gwaje-gwajen.

Amfanin ya wuce batun kuɗi. Mun san irin gubar da ake barbaɗa wa wake don ya jure ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka tarar a ciki, kuma galibin waken da muke fitarwa can yake nufa, musamman kasuwar Dawanau ta Kano.

To amma kada mu ruɗi kanmu. Buhu ba ya biyan bashi. Manomin da ya ci bashi da damana, ko an ba shi buhu kyauta, da kaka zai kai wake kasuwa. Shi ya sa muke ganin buhun na bukatar tsarin warantaj, wanda hukumar FAO ta taimaka aka soma a ƙasarmu tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta ajiye amfanin gona a sito mai kwaɗo biyu, asusun bada lamuni ya ba ta rance, in farashi ya tashi a saida a biya.

Sannan ga dogaro da iyaka guda. Rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, ya nuna mana cewa wanda ke saida ɗanyen wake ga mai saye ɗaya ba shi da bakin magana kan farashi. Matan yankin Dogonduci sun daɗe suna sarrafa wake zuwa beruwa. Muna jiran masu bincikenmu na INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su yi wa beruwa da garin ƙosai irin aikin da aka yi wa buhu: injin ɓarza mai araha, busarwa mai tsabta, da ƙunshin da zai kai kayan kantunan Yamai ba su lalace ba.