MANHAJAR KYAUTA DA MAKARANTUNMU NA BAKIN IYAKA

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows ita ce uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta, sa'an nan sauran manhajoji su hau kanta. Wadda ta gaje ta kuwa, Windows 11, ba ta yarda da tsofaffin injuna. To, ga makaranta a wuri kamar Araba, cikin ƙasar Illela, inda samun kwamfuta ɗaya ma aiki ne, wannan magana ba ƙarama ba ce: inji lafiyarsa lau, amma an yanke masa hukuncin tsufa daga wata ƙasa.

Mutanen Illela ba sa bukatar a yi musu bayanin dogara ga abin da wani ke riƙe da mabuɗinsa. Sun ga an rufe iyaka cikin Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ciniki da Birnin Ƙonni ya tsaya cik. Lasin manhaja ma haka yake. Da dala ake ƙayyade kuɗinsa, Naira kuwa kowa ya san yadda ta faɗi tun 2023.

Akwai wata hanya. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, wadda kowa ke da izinin ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, ba lasin da zai biya. Ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel don 'yan makaranta, da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa a cikinsu. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa ta ƙorafi, daga baya hukumar Gwamnati da ta biya kuɗin mafi yawan injunan ta ce a bar su yadda suka zo. Abin lura a nan, kamfanin Mandriva ya rushe a 2015, amma manhajar ba ta mutu tare da shi ba, wasu suka ci gaba da ita da sunan Mageia da OpenMandriva.

Amma kada jama'a su zaci da an ce kyauta shi ke nan. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, kafin ƙarshen 2013 ya sauya injuna wajen 15,000, sa'an nan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, bayan shugabanni sun canja, ma'aikata kuma suna kukan takardun wasu ofisoshi ba sa buɗuwa daidai. Idan birni mai arziki irin wannan ya yi tuntuɓe, ina ga mu? Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta ɗore da Linux a makarantun Gwamnati shekara da shekaru, domin ta horar da malaman aji su kansu, waɗanda suka ƙware suna koya wa 'yan'uwansu.

A ganinmu nan ne maganar take. Mu da ke aikin horar da malamai mun sha ganin ɗakin kwamfuta a kulle, ƙura ta rufe injuna, don ba mai iya gyara ƙaramar matsala, babban malami kuma yana tsoron a ce a hannunsa suka lalace. Sauya manhaja kaɗai ba zai buɗe wannan ɗaki ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, abin da yaron Araba ke bukata kuwa shi ne hannunsa ya saba da madannai kafin ranar, ko wace manhaja ce a ciki.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Sakkwato kada ta soma da doka ko sanarwa. Ta soma da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, a koya wa kowane ɗalibin malanta ɗora Linux a kan tsohon inji da gyara shi, sa'an nan a gwada a makarantu kaɗan na ƙasar Illela har shekara biyu, a ƙidaya injunan da suka rage suna aiki kafin a faɗaɗa.