Wa Ya Koya wa Steve Reich Kiɗa?

A shekarar 1970 wani matashin mai tsara kiɗa daga Amurka, Steve Reich, ya sauka a Jami'ar Ghana da ke Legon don ya koyi kiɗan Ewe a hannun gwanin makaɗi Gideon Alorwoyie. Makonni biyar kacal ya yi, zazzaɓin cizon sauro ya kora shi gida. A Disamba 1971 ya gabatar da Drumming a birnin New York: makaɗa tara, da mawaƙa mata, da mai busa ƙaramar sarewa, suna juya zubin kiɗa guda ɗaya tak na kusan awa guda, daga ƙananan ganguna zuwa marimba zuwa ƙarafuna masu amon ƙararrawa. Har yau masu sharhi a Turai da Amurka suna sa shi cikin manyan ayyukan ƙarni na 20.

Ni ba da Reich nake faɗa ba. Mutumin bai ɓoye malaminsa ba, bai kuma kwafi kiɗan Ewe kai tsaye ba. Dabarar sa makaɗa biyu su fara tare sannan ɗaya ya ɗan zarce ɗan'uwansa, ya samo ta tun 1965 da na'urar ɗaukar murya. Faɗana da masu yabon ne. Idan Bature ya maimaita zubi ɗaya har kunne ya fara jin sabon abu a ciki, sai su ce ga hazaƙa, ga juyin juya hali. Idan makaɗan Ewe suka saƙa gangunansu a kan amon ƙararrawar ƙarfe, abin da suka gada kaka da kakanni, sai a ce "kiɗan gargajiya", kamar ba mutum ne ya zauna ya tsara shi da ƙwaƙwalwa ba. Duba takardun da ake raba wa 'yan kallo: sau nawa za ka ga sunan Alorwoyie? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma da sauran laifi a wuyanmu. Mai kalangu a wurinmu maroƙi ne, mu liƙa masa kuɗi a biki, gobe mu hana shi auren 'yarmu. Wanda ya rena makaɗin ƙofar gidansa ba shi da bakin zargin baƙo da manta sunan makaɗin Ghana. Duk mai rubutu kan Drumming da Hausa, ya fara da sunan malamin kafin na ɗalibin.