Kirista da siyasa: da wane mudu ake auna shi?

A kasuwannin Kona, Tasawa da Mayahi, ba a tambayar mai awo addininsa kafin a sayi hatsi. Tiyarsa ake dubawa, ko cikakkiya ce. Amma da zarar an shiga zancen siyasa, sai mudun ya canza.

Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, bisa ƙidayar 2012. Duk da haka ba baƙi ba ne a jahar Maraɗi. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, Tsibiri a 1927, kuma ya buɗe asibitin Galmi a 1950, inda akasarin majinyata Musulmi ne. Turawan mishan sun koya wa mabiyansu cewa siyasa harkar duniya ce, shi ya sa da yawa suka ja jiki daga gare ta. Amma a 1991, da ƙasa ta nemi wanda zai jagoranci babban taron ƙasa, sai ta ɗora wa Farfesa André Salifou, Kirista ɗan Damagaram, wannan nauyi. Iliminsa aka duba, ba majami'arsa ba.

To, ina aka baro wannan hankali? A Nuwamba 2000, fushin bikin FIMA ya ƙare a kan majami'a a Maraɗi. A Janairu 2015, saboda zanen wata jaridar Faransa, an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. A Yuni 2019, an kama wani limami da ya soki dokar tsara ibada, sai aka cinna wa wata majami'ar Maraɗi wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Kiristan unguwa ya aikata. An kasa jaki, an koma dukan taiki.

Kiristoci ma da nasu alhaki. Wanda ya ƙaurace wa shawarar gari, za a yanke ta ba da shi ba. Imanin da ya gina asibiti bai kamata ya ji tsoron kujerar kansila ba.

Ma'aikaci ko ɗan takara, Isa sunansa ko Yohanna, tambayar ɗaya ce: ya riƙe amanar dukiyar talakawa? Hisabin zuciya kuwa na Allah ne.